Yadda Ake Karanta Lissafin Wata Na Gidan Wutar Koeberg

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana ma'aikata bayanin wani lissafi. Ni tsohon akawu ne, na ƙare ƙuruciyata wajen rufe littafi a ƙarshen wata, saboda haka duk inda na ga lissafin wata sai idona ya tsaya a kansa.

A ƙasar Afirka ta Kudu, kimanin mil 20 arewa da birnin Cape Town, akwai wani gidan wutar lantarki a bakin teku, ana kiransa Koeberg. Shi kaɗai ne mai aiki da ƙarfin nukiliya a duk Afirka. Tukwanensa biyu ne, ta fari ta soma aiki cikin 1984, ta biyu cikin 1985. Ba gawayi ake ƙonawa a ciki ba, yuraniyom ake sawa, watau ma'adinin nan da aka san Arlit ta ƙasar Nijar da shi. Zafinsa ke dafa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da wuta.

To, ga yadda lissafin yake. Kowace tukunya tana iya ba da kimanin megawat 930. Wata mai kwana 30 awa 720 ke nan. In ta yi aiki da iyakar ƙarfinta dare da rana, sai a riɓa 930 sau 720, a sami 669,600. Wannan shi ne cikar mudu. Ƙarshen wata sai a ɗauko abin da ta bayar na hakika a gwada da shi. A misali, in ta ba da 600,000, ta yi kusan kashi 90 cikin 100 ke nan.

Amma fa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya buɗe takarda ya ga wata guda babu kome, kada ya yi garajen cewa gida ya lalace. Sai ya tambayi dalili tukuna, gama tsayawa iri biyu ce. Akwai wadda aka shirya. Bayan kimanin wata 18 lalle a kashe tukunya, a fid da sashen yuraniyom da ya gaji, a sa sabo, a duba kayan aiki. Akwai kuma wadda ke zuwa ba sallama.

Ga misalin kowace. Cikin Disamba 2005 wani ƙusa guda da ya saura cikin injin tukunya ta fari ya ɓata shi. Sai da aka kawo kayan gyara daga Faransa, ba ta koma aiki ba sai Mayu 2006. Cikin watannin nan mutanen yankin Cape Town sun sha zaman duhu. Wannan hasara ce tsantsa. Amma daga Disamba 2022 zuwa Nuwamba 2023 da gangan aka tsai da wannan tukunya, don a sake manyan na'urorinta uku masu yin tururi. Aikin ya wuce lokacin da aka yanka masa, wannan kuwa abin a tambaya ne. Duk da haka cikin Yuli 2024 hukuma ta ba ta iznin ƙarin aiki na shekara 20, har zuwa 2044. A takarda duka biyu sifiri ne, amma ɗaya ɓarna ce, ɗaya kuwa shuka.

Saboda haka shawarata ga mai karatu uku ce. Kada ka yanke hukunci da wata guda, jera na shekara biyu ko uku ka duba. Ka raba tsayawar shiri da ta ba-zata. Ka kuma gwada ranar da aka yi alkawarin komawa aiki da ranar da aka koma. Malamin makaranta ya san bambancin yaron da ya nemi izni da wanda ya gudu, ko da yake kujerunsu duka babu kowa.

 

Ni ne naka,
Wani Tsohon Akawu.