Ɗigon Hasken da ke Nuna Inda DNA ya Tsinke

Idan aka warware zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta guda ta jikin mutum, tsawonsa ya kai kusan mita 2, kuma ba ranar da ba ya jin rauni. Hasken rana, hayaƙin taba, hasken ɗaukar hoto a asibiti, gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, duk suna taɓa shi. Mafi haɗari shi ne igiyoyinsa biyu su tsinke a wuri ɗaya. In ƙwayar ta rabu a haka, 'ya'yanta sun gaji ɓarnar, kuma ta nan ciwon daji kan samo tushe.

Saboda haka ƙwayar na da shingen bincike, kamar wanda ke tare mota kafin ta wuce. Leland Hartwell da Ted Weinert ne suka fito da wannan fahimta a ƙarshen shekarun 1980, daga nazarin yisti. Furotin irin su ATM da Chk2 da p53 kan tsayar da rabuwa sai an kammala gyara. In gyaran ya faskara, p53 kan sa ƙwayar ta hallaka kanta. A kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam, akan tarar p53 ya lalace.

To, ta yaya ake ganin waɗannan furotin, alhali ba su da launi? Albert Coons na jami'ar Harvard ya buɗe hanya a 1941, lokacin da ya liƙa wa antibodi rini mai walƙiya. Antibodi sojan garkuwar jiki ne da ke kama abu ɗaya tak da ya sani. Sai a 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a samar da iri ɗaya da yawa.

A ɗakin gwaji, akan shimfiɗa ƙwayoyin a kan gilashi, a daskarar da su da fomalin, a huda bangonsu da wani sinadari mai kama da sabulu. Sai a zuba antibodi na farko ya nemi furotin ɗinsa, a wanke, a zuba na biyu mai ɗauke da rini ya kama na farko. Wani rinin, DAPI, kan mayar da cibiyar ƙwayar shuɗiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne gamma-H2AX, wanda ɗakin binciken William Bonner a Amurka ya bayyana a 1998. Da zarar DNA ya tsinke, cikin 'yan mintuna ATM kan liƙa fosfet a jikin furotin H2AX masu ɗimbin yawa da ke kewaye da raunin. Antibodin da ya san wannan alama ta gamma-H2AX kawai sai ya taru a wurin, ya bayyana a madubin ganin ƙwayoyi kamar ɗigo kore ko ja. Kusan kowane ɗigo tsinkewa ɗaya ce. Ana iya ƙirga su, a dawo bayan sa'o'i a ga nawa suka ɓace, wato nawa aka gyara. Da haka ake auna tasirin hoton CT a ƙwayoyin jinin mara lafiya, da haka kuma ake gwada ko maganin daji ya isa inda aka aike shi.

Amma kyan hoto na ruɗin ido, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Ba kowane antibodin kasuwa ke kama abin da aka rubuta a kwalbarsa ba, kuma ƙwayar da ke tsakiyar kwafar DNA ɗinta na iya nuna ɗigo ko ba a yi mata komai ba. Mai bincike na gari yakan ajiye ƙwayoyin da bai taɓa ba a gefe, ya kuma gwada antibodin a kan waɗanda aka cire wa furotin ɗin da fasahar CRISPR. In hasken ya fito a can ma, to wani abu daban antibodin ya kama, sai a canja shi a sake aikin daga farko.