Tim Stützle, matashin Bajamushen da Kanada ta fi Jamus saninsa

A Jamus ƙwallon ƙafa ce sarauniyar wasanni, amma akwai wani matashi da ya yi suna ba tare da ita ba. Shi ne Tim Stützle, wanda aka haifa ranar 15 ga watan Janairun 2002 a garin Viersen, yake kuma buga wasan hoki na kan ƙanƙara a ƙungiyar Ottawa Senators ta babban birnin Kanada.

A wannan wasa kowane ɓangare yana da mutum 6 har da mai tsaron gida. Suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda har cikin raga. Ana yin zubi 3 na minti 20-20. Wanda ya ci da wanda ya ba shi duk ana rubuta musu maki.

Babbar gasar wasan ita ce NHL ta Amurka da Kanada, inda kowace shekara ƙungiyoyi ke zaɓar matasa bi da bi. A 2020 Stützle, da ya fito daga ƙungiyar Adler Mannheim, shi ne na 3 da aka zaɓa. Watanni kaɗan bayan haka ya jagoranci matasan Jamus a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20. Cutar korona ta rage musu ƴan wasa sosai, duk da haka suka kai zagayen ƙasashe 8, aka kuma zaɓe shi gwanin ƴan gaba.

A watan Satumban 2022 Ottawa ta ba shi kwantiragin shekara 8 na dala miliyon 66.8, wato sama da miliyar 35 na sefa. Kasada ce, don yaron shekararsa 20 kawai a lokacin. Bai ba su kunya ba: a kakar da ta biyo ya ci 39, ya tara maki 90.

To me ya sa sunansa bai cika Jamus ba? Yawancin wasannin NHL ana yin su ne da tsakar daren Turai, mutane na barci. Sai dai hanyar ta fara buɗewa tun da Jamus ta samu lambar azurfa a Olamfik na 2018, sannan Leon Draisaitl, ɗan birnin Kolon, ya zama gwarzon NHL a 2020, aka kuma naɗa shi gwarzon ɗan wasan Jamus a wannan shekara.

A Ottawa kuwa, inda hoki yake kamar kokowa a wajen ƴan Nijar, riga mai lamba 18 ta Stützle tana ko'ina a filin wasa. A 2025 ƙungiyar ta shiga zagayen neman kofi, karo na farko tun 2017.