Ko Kun Sani? Jemage Ne Ke Barbarar Furen Ɗorawa

Ko kun san cewa daddawar da ake sayarwa a kasuwannin Katsina tana da alaƙa da jemage?

Ɗorawa tana yin fure ne da rani, daga lokacin hunturu zuwa farkon bazara. Furen nata, wanda ake kira tutu, jan dunƙule ne mai reto a kan dogon tsinke, kuma ƙananan furanni fiye da dubu ne suka haɗu a cikin kowane ɗaya. Ba ya buɗewa sai rana ta faɗi. Daga nan ruwa mai zaƙi zai taru a gindinsa, jemagu masu cin 'ya'yan itace su zo su maƙale suna lasa, garin furen ya manne a gashinsu, su kai shi wata bishiyar. Gari na wayewa ƙudan zuma da tsuntsaye su sauka a kan abin da ya rage. Masana biyu, Baker da Harris, sun bayyana wannan aiki na jemage a shekarar 1957, bayan sun lura da shi a Gana.

Barbarar nan ce ke haifar da 'ya'yan ɗorawa, mu sha garinsu, a dafa kalwa a yi daddawa. Don haka jama'a, mu daina sare ɗorawa don itacen girki, mu kuma hana yara harbin jemage da danƙo.