Inci Goma Sha Huɗu ko Sha Biyar: Cinikin Laftof a Titin Beirut

Titin Beirut da ke Kano ba ya farkawa da sassafe. Sai hantsi ya dubi ludayi za ka ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ana ɗaga su, yaran shago na kaɗe ƙurar da ta kwana a kan gilashi, wani kuma na fama da igiyar janareta. Sunan titin yana tuna wa mutum Kwarori 'yan Labanan da suka daɗe suna kasuwanci a wannan yanki na gari, kusa da Kantin Kwari. Yanzu waya da kwamfuta ne suka cika shagunan. Mai neman waya yana iya wucewa kasuwar Farm Centre a Tarauni, amma mai neman laftof da wuya ya yanke shawara bai fara leƙo nan ba.

Mafi yawan kayan na hannu ne, irin wanda ake kira "London yus". Kamfanoni a Turai da Amurka sukan sauya wa ma'aikatansu kwamfuta bayan 'yan shekaru, tsofaffin su biyo hanyar Legas, musamman Computer Village ta Ikeja, wasu kuma ta Dubai, har su iso Kano. Shi ya sa iri ɗaya ne ke ta maimaita kansa a kan kanta: HP EliteBook 840, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Madannai sukan faɗi asalin kaya. Idan ka ga alamar fam a kan lamba 3, daga Ingila ta fito. Idan layin sama ya fara da AZERTY, 'yar Faransa ce ko Beljiyam, Bakano yakan ture ta gefe, amma mai saye daga Maraɗi ko Damagaram ita yake nema, don da ita ya koyi bugu. Farashi kuwa dala yake bi, abin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lallai ya kai Alhamis ba.

Masu saye iri-iri ne, amma waɗanda na fi tsayawa in saurara su ne masu aikin bidiyo: yaron da ke ɗaukar biki da kamu, mai tace fim daga titin Gidan Zoo, ɗan jaridar da za a tura Hadeja yau gobe a ce ya wuce Gusau. Duk buƙatarsu ɗaya ce mai harshe biyu, suna son allon da za su ga aikinsu da kyau, suna kuma son abin da za su iya saɓawa a kafaɗa. Mai shago zai fara da tambayar da ta dace: "Ƙanena, inci nawa kake so?"

Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Girma huɗu ne suka fi yawa a kasuwa: 13.3 da 14 da 15.6 da 17.3. A cikin shago ido babba yake so, ba shakka. An kunna mai inci 17 tana haske, mutum ya ga kamar talabijin, zuciya ta karkata. Amma shago ba shi ne inda za a zauna da ita ba. Mai inci 14 irin ta ofis nauyinta yana kaiwa kilo ɗaya da rabi, mai 15.6 ta doshi kilo biyu, manyan nan masu inci 17 sukan kai kilo uku, ga cajarsu kamar bulo. A haɗa da kyamara da ƙafafunta da batura da abin ɗaukar murya, sannan a shiga motar haya daga Kano zuwa Abuja jaka a kan cinya, mutum huɗu a kujerar baya. Kafin a kai Zariya ƙafa ta yi sanyi. A jirgin sama ma ɗan teburin da ke bayan kujera ba ya ɗaukar babbar kwamfuta, idan na gaba ya kwantar da kujerarsa ko buɗe ta ba za a iya yi sosai ba. Ni a ganina, ga wanda hanya ce rabin sana'arsa, inci 14 ita ce daidai.

Mai tace fim zai ce ƙaramin allo ba ya isar sa, ga layin hoto ga layin sauti ga tagar kallo, ina za su zauna? Ƙorafinsa yana da tushe, sai dai a nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Abin da allo ke iya nunawa ba faɗinsa kaɗai ke yanke shi ba, yawan ɗigon da ke cikinsa ne. Akwai masu inci 15.6 da yawa a kasuwa da ɗigonsu 1366 sau 768 ne, wato miliyan ɗaya da 'yan kai. Mai inci 14 da ke da 1920 sau 1080 tana da sama da miliyan biyu. Ƙaramar ta kusa ninka babbar a wurin aiki, ko da yake rubutu zai ɗan ƙanƙance. Sai kuma nau'in gilashin. A karkata allon baya, a kalle shi ta gefe. Idan launi ya dushe ko ya koma kamar an watsa masa toka, TN ne, a ajiye shi. Idan ya tsaya yadda yake, IPS ne. Wanda ya gyara launi a kan allon TN zai kai wa amarya bidiyon bikinta ta ga leshinta mai ruwan zuma ya koma ruwan ƙasa, fuskarta kuma ba tata ba. Idan an dawo gida ana son faɗi, wayar HDMI guda ɗaya ta isa a jona da talabijin.

Kalmar da ta fi kowace yawo a titin ita ce "i7". Yaro zai shigo da ita a baki, ba ya son jin komai bayanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar da ke biye da ita ce ke faɗin zamaninta. Core i7-6600U 'yar zamani na shida ce, ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Core i5-8250U ta zamani na takwas tana da huɗu, kuma wajen fitar da bidiyo za ta bar waccan a baya. Wannan bambanci ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali Windows 11 a ƙa'idarta daga zamani na takwas take karɓa. Ɗan kasuwa mai amana yakan faɗa wa mai saye wannan tun kafin a shiga maganar kuɗi, kuma irinsa ne ake komawa wurinsa da aboki.

Sauran bayanin gajere ne. RAM giga 8 za ta ja CapCut da ƙananan ayyuka, amma Premiere Pro da DaVinci Resolve sai da 16 suke sakewa. A tambaya ko ana iya ƙarawa, don siraran irin ThinkPad X1 Carbon a liƙe take da allon injin. Ma'ajiya kuwa SSD, ba don sauri kawai ba, tsohon faifai mai juyawa ba ya son gargada da ramukan hanya. Mai aikin 4K na gaske zai buƙaci katin hoto na Nvidia, a ZBook ko Dell Precision, kuma zai biya da nauyi da zafi da gajeren batir. A watan Afrilu, zafin Kano yana haura digiri 40, fankar irin waɗannan ba ta hutawa. MacBook Air mai M1 ta shekarar 2020 ta sami masoya saboda haka: kilo 1.29, inci 13.3, babu fanka ko ɗaya da za ta zuƙi ƙurar hunturu, batir kuma yana yini. Sai dai kada a biya kuɗinta sai an tabbatar ba a kulle take da asusun tsohon mai ita ba.

Batir shi ne abin da ba a gani da ido, kuma a garin da wuta ke zuwa ta tafi, shi ne rabin kwamfutar. A Windows ana rubuta powercfg /batteryreport, rahoto ya fito yana nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yau. Wadda ke caji ta USB-C ta fi daɗin tafiya, caja ɗaya ta wadaci waya da kwamfuta. Mai hawa jirgi ya tuna cewa batirin ajiya a jakar hannu yake tafiya, kuma wanda ya haura Wh 100 sai da izinin kamfanin jirgin.

A lungunan bayan shaguna masu gyara ke zaune, kowa da fitila da ɗan ƙarfen narka dalma, gabansu tulin gawarwakin kwamfutoci da ake cire wa sassa. Su ma suna da ta cewa a maganar girma. Allon inci 14 ko 15.6 idan ya fashe ana samun wani nan take. Mai wani girma na daban kuwa sai an aika Legas, a jira kwanaki, aikin biki na kwance.

Bayan la'asar ciniki ya fi zafi. Mai saye ya taya, mai shago ya ce albarka, dillalin da ya kawo shi yana gefe yana lissafin la'adarsa. A ƙara, a rage, a yi maganar kwanakin gwaji, a roƙi jaka da linzami a matsayin gyara. Na ga wani matashi mai ɗaukar biki da aka ajiye wa guda biyu a gabansa, mai 14 da mai 15.6, ya kasa zaɓa. Dattijon mai shagon ya ce masa ya sa babbar a jakarsa tare da caja da kyamara, ya taka zuwa bakin titi ya dawo, ya haɗa shi da yaron shago. Da ya dawo ya sauke jakar yana murza kafaɗa, ya nuna ƙaramar ya ce, "Baba, a duba min batirin wannan."