Salula: taura biyu ba ta taunuwa

Makiyayi a dajin Dakoro, in batirin salularsa ya mutu, ba shi da halin tambayar kuɗin bisashe ko kiran likita. Caji kuwa sai ranar kasuwa.

Batir kamar salka yake: in masu sha sun yi yawa, ruwa ba ya daɗewa. Rediyo, tocila da bidiyo, in an kunna su tare, suna shanye wuta da sauri. Inda rezo ba ƙarfi, salula tana ƙara cin wuta wajen nemansa. Zafin bazara kuma yana lalata batir.

Mai dabara yana ajiye salula a inuwa, yana yin aiki ɗaya bayan ɗaya. In batir ya kumbura, sai a canza shi, don yana iya kama wuta.