Yadda Masu Nutso Ke Kallon Mutuwar Ɗan'uwansu

Nutson sukuba, wato shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska goye a baya, ya bazu ne bayan da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a Faransa a 1943, kuma tun daga lokacin masu yinsa suka ɗauki wata ɗabi'a da baƙo zai iya gani kamar rashin tausayi, domin idan ɗayansu ya mutu a ruwa, kafin makoki ya lafa sun shiga tantance kuskuren da ya yi.

Wanda ya mayar da wannan ɗabi'a ilimi shi ne Ba'amurke Sheck Exley, gwanin nutso a kogunan dutse masu cike da ruwa, wanda ya bi diddigin mace-macen da suka auku, ya wallafa ɗan littafi a 1979 yana nuna cewa yawancinsu sun faru ne saboda karya ƙa'idoji kaɗan. Daga ciki akwai shiga kogo ba tare da igiyar da za ta nuna hanyar fita ba, da wuce zurfin da ya dace, inda iskar naitirojin ke jirkita hankali kamar maye, da kuma ƙin raba iskar tukunya gida uku, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya kuma na ko-ta-kwana. Wannan bincike ya ceci rayuka, amma yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, domin wanda ya gano cewa mamaci ne ya yi ganganci yakan samu natsuwar komawa ruwa gobe, yana jin cewa shi abin ba zai same shi ba.

Sai dai Exley kansa ya mutu a 1994 a ramin Zacatón na ƙasar Meziko yana ƙoƙarin kaiwa zurfin mita 300, haka kuma David Shaw ya rasu a 2005 a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, inda ya nutse mita 270 don ɗauko gawar Deon Dreyer, matashin da ya kwashe shekara 10 a ƙasan ramin. A irin wannan hali harshen masu nutso yakan sauya, sai a koma maganar jarunta da ajali, ko da yake kyamarar da ke kan Shaw ta nuna yadda igiya ta sarƙe shi yayin da numfashinsa ke ƙaruwa, kuma masana sun yi nazarin faifan dalla-dalla kamar yadda ake yi wa kowa.