Ɗan Ci-rani a Wurin Aiki: Tushen Ƙyamar Baƙo da Wanda Ke Cin Ribarta

A gundumar Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, damina ɗaya ce tak a shekara, ita ma gajeriya. Ruwa kan sauka tsakanin Yuni da Satumba, a noma gero da wake, a yi girbi, sannan rani ya miƙe wata bakwai ko takwas. A nan ne ƙasar noma ta yi iyaka da ƙasar kiwo: dokar 1961 ta shata layin da gonaki ba za su haura ba ta arewa, kuma kwarin Tarka yana kan wannan gaɓa. Shekarar da rumbu bai cika ba, samarin Kornaka da Birnin Lalle da Sabon Mashi sukan ɗaure kaya su tafi bida. Wasu su nufi Katsina da Kano da Legas, wasu Kwatano da Abijan, wasu kuma su bi ta Agadas su tsallaka Libiya ko Aljeriya. Kuɗin da suke aikowa ne ke sayen hatsin da zai kai gida ga sabuwar kaka. Saboda haka yadda ake ɗaukar baƙo a wurin aiki magana ce da ta shafi tukunyar gidaje masu yawa a wannan yanki.

Yadda ƙyamar take bayyana

Ba kasafai ƙyamar baƙon ma'aikaci take farawa da duka ko kora ba. Takan fara daga rabon aiki. Ɗan ci-rani ne ke samun ga-ruwa, dako, haƙar rijiya, kwaɓa siminti, gadin dare da wankin takalmi, ayyukan da ke cin ƙarfi, ladansu kaɗan. Daga nan sai maganar biya: a yi jinga da baki, ba takarda ba shaida, idan aiki ya ƙare mai aiki ya ce a dawo gobe, goben kuma ta ƙi zuwa. Sai zargi: idan buhun siminti ya ɓace a wurin gini, ɗakin baƙo ake fara bincikewa. Sai raini na yau da kullum, a kwaikwayi harshensa ana dariya, a ƙi kiransa da sunansa. A biranen kudancin Najeriya, ɗan Dakoro da ɗan Sakkwato duk suna ɗaya ake yi musu. A Kano kuwa, inda harshe da addini ɗaya ne, da yawa ba sa ganin Buzu sai a matsayin mai gadi, ko da kuwa yana da garken raƙuma a gida.

Wannan rayuwa ta daɗe. A 1958 Jean Rouch ya fitar da fim ɗinsa *Moi, un Noir*, wanda ya bi samarin Nijar masu aikin yini a unguwar Treichville ta Abijan. Oumarou Ganda, wanda ya fito a ciki, a lokacin dako yake yi a tashar jiragen ruwa, kafin daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Nijar. Labarinsa ya isa nuni cewa aikin da mutum yake yi a ƙasar wasu ba shi ne ma'aunin basirarsa ba.

Abin da ya sami ƴan Polan a Turai

Mai karatu zai iya zaton launin fata ne kaɗai ke jawo wannan hali. Labarin ƴan Polan ya nuna abin ya wuce nan. Ranar 1 ga Mayu 2004 ƙasarsu ta shiga Tarayyar Turai, kuma Birtaniya da Ailan da Suwidin suka buɗe musu ƙofar aiki nan take. Dubban ɗaruruwa suka tafi Birtaniya, suka shiga gine-gine, gonaki, mahauta, otal-otal da gidajen kula da tsofaffi. Zuwa 2016 waɗanda aka haifa a Polan suke zaune a Birtaniya sun kai kusan dubu 900. Turawa ne, Kiristoci ne, da takardunsu cikakku. Duk da haka aka ce sun ƙwace ayyuka, sun karya farashin ƙwadago, sun cika asibitoci da makarantu.

A Faransa, lokacin muhawarar ƙuri'ar raba-gardama ta 2005 kan kundin tsarin mulkin Turai, mai gyaran famfo ɗan Polan ya zama abin tsoratar da masu zaɓe. A Birtaniya, bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai ta 23 ga Yuni 2016, an rarraba katunan zagin ƴan Polan a garin Huntingdon, aka kuma yi rubutun ɓatanci a ƙofar cibiyar al'adunsu da ke Hammersmith a Landan. Alhali binciken da Christian Dustmann da Tommaso Frattini na jami'ar UCL suka wallafa a 2014 ya gano cewa baƙin da suka zo daga ƙasashen Tarayyar tun shekarar 2000 sun zuba wa baitulmali haraji fiye da abin da suka karɓa. Lissafi bai hana zargi ba, domin ba daga lissafi zargin ya taso ba.

Lokacin da baƙo ke zama abin zargi

Wanda ya jera manyan kore-koren baƙi a Afirka ta Yamma zai ga abu guda yana maimaituwa: ana maraba da hannun baƙo lokacin wadata, a tuna shi baƙo ne ranar da tattalin arziki ya karye. A Nuwamba 1969, bayan farashin koko ya faɗi, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Zangon Kumasi da na Akara suka girgiza, mutanen Nijar da Najeriya da suka shekara da shekaru a can suka bar dukiyarsu. A Janairu 1983, bayan kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan shela a Najeriya, mutum kusan miliyan biyu suka fita, ciki har da ƴan Nijar masu yawa. Tun tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano ake ta ɗora wa baƙi laifin rashin tsaro. A 1984 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, a 1985 aka sake korar baƙi, daidai lokacin da fari ya cinye gonaki da dabbobin ƙasar Maraɗi. Har yau dattawa suna kiran wannan yunwa El-Buhari.

A Libiya, an auka wa baƙaƙen fata a garin Zawiya a Satumba 2000. Da yaƙi ya ɓarke a 2011, aka yi wa leburori da masu gadi kuɗin goro, aka ce sojojin hayar Gaddafi ne. Hukumomin Nijar sun ƙiyasta cewa fiye da mutum dubu 200 suka dawo gida, akasari hannu rabbana. A Nuwamba 2017 tashar CNN ta nuna hoton gwanjon mutane a ƙasar. Daga Aljeriya kuwa, tun ƙarshen 2014 ake kwaso ƴan Nijar a manyan motoci zuwa Assamaka, wasu baƙin kuma a sauke su a bakin iyaka su taka kimanin kilomita 15 cikin hamada. Da yawa daga waɗanda aka kamo a wuraren gini sun bar kuɗin aikinsu a hannun waɗanda suka yi wa aiki.

Wa ke cin riba?

Ƙorafin ɗan gari yana da ɗan ƙamshin gaskiya. Idan birkila ya saba karɓar wani kuɗi a yini, sai ga wani ya yarda da rabinsa, dole ransa ya ɓaci. Abin tambaya shi ne me ya sa baƙon ya yarda. Ya yarda ne saboda ba shi da takarda, ko bai san doka ba, ko yana tsoron idan ya kai ƙara shi za a fara tsarewa, ga iyali a gida suna jiran saƙo. Rauninsa ne ya sa ladansa ya yi araha, kuma ƙyama ce take ƙara masa raunin. Mutumin da unguwa ta riga ta ɗauka ɓarawo, ba wanda zai tsaya masa ranar da aka hana shi haƙƙinsa.

Rarar da ke tsakanin ladan da ya kamata da wanda aka biya ba ta shiga aljihun ɗan gari, ba ta shiga na baƙo. Tana tafiya ga ɗan kwangila, da dillalin da ya kawo ma'aikata, da jami'in da ke karɓar na goro a shinge. Muddin leburori biyu suna hararar juna, ba za su haɗa baki su nemi ƙari ba. Ɗan siyasa ma yana da nasa kason: ya fi masa sauƙi ya nuna baƙo da yatsa a kan ya bayyana inda kuɗin koko ko na fetur suka shiga, tunda baƙo ba ya jefa ƙuri'a. Shi ya sa kora ba ta taɓa kawo wadatar da aka yi alkawari ba. Tattalin arzikin Najeriya bai farfaɗo da korar 1983 ba, kuma a 2021 Birtaniya ta koma tana ba direbobin manyan motoci da ma'aikatan gidajen kaji daga waje bizar wucin gadi saboda ƙarancin hannu.

Mu ma masu masauki ne

Ba wata al'umma da ta tsira daga wannan hali. A ƙarshen 1963, cikin rikicin tsibirin Lete tsakanin Nijar da Dahome, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome da ke aiki a Nijar, har da ma'aikatan gwamnati. Ita kanta Polan yau ƙasar masauki ce, inda ƴan Yukren masu yawa ke aiki. A jihar Maraɗi, tun 2019 dubun dubatar mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, yawancinsu suka sauka a yankin Gidan Runji, kuma da ƙwadagon gona da ƙananan sana'o'i suke rufa wa kansu asiri. Ga makiyayin haya da ke bin garken wani a arewacin Dakoro, ga yarinyar ƙauye mai aikatau a gidajen Maraɗi. Mai gidan da ɗansa ke Sabha ta Libiya ana cin guminsa, shi ma yana da ɗan ƙwadago a gonarsa, kuma a hannunsa yake ya biya shi cikakke, a kan lokaci, kamar yadda addini ya hore.

Abin da ke kare ma'aikaci

Dokoki suna nan. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, ta haramta wariya a wurin aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ƴan ci-rani da iyalansu a 1990. Nijar da Najeriya sun shiga cikinta a 2009, Libiya da Aljeriya ma suna ciki, abin da ke nuna sa hannu kaɗai bai wadatar ba. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasar ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, don haka riƙe katin shaida da fasfo ya ƙara muhimmanci ga mai tafiya.

Kariyar da ta fi kusa da ɗan ci-rani ita ce ta jama'arsa: sarkin zango, mai masauki, da ƙungiyar ƴan gari ɗaya da ke bin kadin wanda aka cuta, ta yi belin wanda aka kama. Ya kamata matafiyi ya yi rajista da su da kuma ofishin jakadancin ƙasarsa, ya yi jinga gaban shaidu, ya riƙa karɓar kuɗinsa mako-mako maimakon ya bar su su taru a hannun mai aiki. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma su buɗe wa baƙo ƙofa, kamar yadda wasu na Birtaniya suka ɗauki jami'ai masu jin harshen Polan. Ranar da aiki iri ɗaya ya zama lada iri ɗaya, mai aiki ba shi da sauran dalilin fifita baƙo don araha, ɗan gari kuma ba shi da dalilin jin tsoronsa.